Borin Kunya

Wata Asabar, yau makonni huɗu ke nan, a zaman da muka saba yi bayan la'asar, wata ƙanwarmu ƴar shekarar farko ta miƙe ta karanta labarinta. Ranar ce ta fara karanta rubutunta a gaban mutane. Shafi shida ne cikin kaye, da bik shuɗi, an soke nan an gyara can. Labarin wata tsohuwa ne da ta fita tun kafin assalatu da bido biyu, ta je ta kama layi a bakin pampo tana jiran ruwa ya zo. Ba a harbi kowa ba a ciki, ba a yi soyayya ba, ba wanda ya kwana talaka ya wayi gari da mota. Tsohuwa ce, da bido biyu, da jira. Muryar yarinyar na rawa, kayen ma na rawa a hannunta. Da ta kai ƙarshe ta zauna, aka yi ɗan shiru irin na wa zai fara. Sai wani kamarad daga baya, ko ɗago kai daga salularsa bai yi ba, ya ce: "Gaskiya borin ne." Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, Allah Ya yafe mini. Aka kira mai karatu na gaba.

Tun daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Ba zan faɗi sunan kamarad ɗin ba. Ya san kansa, kuma abokina ne, butar shayinmu ɗaya. Ba da shi nake faɗa ba, ko in ce ba da shi kaɗai ba. Faɗana da wannan kalma ne da ta shigo mana ba sallama, ta samu wurin zama a bakin kowa, har ta fara yanke hukunci a majalisar da muka kafa don mu koyi magana da hujja. Darasi borin. Littafi borin. Mushe borin. Hutu borin, in an koma karatu shi ma borin. Na ji da kunnena an ce Damagaram gaba ɗayanta borin ce, daga Birni har Zango, da fadar Sarki, da Kasuwar Dole, da duwatsun nan da Allah Ya jibge mana tun ba a haifi kakan kakanmu ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, mu fa ba ƴan makarantar Ingilishi ba ne. Da Faransanci aka yi mana bulala tun daga aji ɗaya, iyayenmu ma har sambol aka rataya musu a wuya in sun kuskura suka yi Hausa a cikin lakwal. Faransanci yana da tasa kalmar, ennui, kuma duk wanda ya yi lise ya haɗu da ita a darasin adabi, ya haddace ta don jarrabawa. Amma ban taɓa jin wanda ya ɗauko ta ya kawo fada ba. Ta tsaya a kan allo inda aka bar ta. Ita kuwa borin ba ta bi ta aji ba. Ta hanyar Kano ta biyo, tare da finafinai, da ƴan'uwanmu masu karatu a Najeriya in sun zo hutu, da TikTok da muke kwana a kai. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Muka yi ta tafi, muka ce an ƙwato mana mutunci. To, madalla. Sai dai in ƙwatar mutuncin ita ce mu sauke jakar wani Bature mu ɗauki ta wani, ni ban ga inda wuyanmu ya huta ba.

Na ari ƙamus wurin wani ɗan sashen Ingilishi na duba ta. Masu harshen suna rubuta ta boring. A wurinsu kalmar da ta haife ta, bore, tana da fuska biyu: huda rami, kamar yadda kafinta ke huda katako ko ake huda ƙasa a nemi ruwa, da kuma gundurar da mutum. Abin da mu muke kira foraj, wanda ƴan Najeriya ke ce wa bohol, daga wannan hudar sunansa ya fito. Ma'ana ta biyun kuwa ba tsohuwa ba ce ƙwarai, sai a ƙarni na 18 ta fara bayyana a rubuce-rubucensu. Kuma ga wani abin dariya da ƙamus ya nuna mini. Su sun raba abin biyu: boring shi ne mai gundurarwa, bored shi ne wanda aka gundura. Mu da muka aro sai muka haɗe su wuri ɗaya. Za ka ga ɗan'uwanka ya kishingiɗa a benci yana cewa "wallahi yau ina borin", wani ma don ya cika Turancin sai ya ce shi boring ne. A ƙa'idar masu abin, cewa ya yi: ni ne mai gundurar da mutane. Shaida ce ya bayar a kan kansa, ba wanda ya tilasta shi.

Amma kuskuren nahawu ba shi ne damuwata ba, kowa na yi. Damuwata ita ce gidan da kalmar ta tashi. A littafin Charles Dickens mai suna Bleak House, wanda ya kammala fitowa a 1853, akwai wata matar babban mutum, Lady Dedlock, wadda wannan ciwo ya kama. Matar nan tana da gida a ƙauye kamar fada, tana da gida a Landan, in duk sun ishe ta sai ta tsallaka Paris, ga barori, ga keken doki, ga tufafin da ba ta san adadinsu ba. Ba ta taɓa ɗaga bido ba. Ba ta san farashin tiyar hatsi ba. A irin waɗannan ɗakuna kalmar ta yi ƙiba: a bakin wanda aka jera wa duniya a faranti ya ɗanɗani kowane ya ture. Ciwon ƙoshi ne.

Kuma Hausa ta san ciwon ƙoshi, tana da sunansa tun Dickens bai zo duniya ba. Ba wa yaro alkaki ya ci ɗaya, biyu, in ya kai na biyar zai ture kwanon ya ce ya ginshe shi. Ginsa ke nan: abu mai daɗi ne, yawansa ne ya kashe daɗin. Ba ita ce gundura ba. Gundura ta maimaici ce, mutum ya ba ka labari ɗaya sau goma, ko waƙa ɗaya daga safe har dare a shagon mai caji, sai ka ce ya gundure ka. Wanda ya yi awa uku a tasha yana jiran motar Magarya ta cika, shi ba gundura ke damunsa ba, ƙosawa ya yi, ransa na can gaba jikinsa na nan. In wani ya dame ka da surutu ka ce "ka ishe ni", wannan kuma da ɗan fushi a ciki. Miyar da ba gishiri ba daddawa lami ce, labarin da ba ya jan rai ba shi da armashi. Amaryar da aka kai wani gari ta zauna ita kaɗai a ɗaki, kaɗaici ne da kewar gida. Kowace daga cikin kalmomin nan tana nuna maka inda ciwon yake. In ka ce ginsa, ka amsa cewa kai ne ka ƙoshi. In ka ce lami, ka ɗora wa mai girki, kuma tana da ikon ta tambaye ka me ya rage, gishiri ko yaji. In ka ce ƙosawa, an san akwai abin da kake jira, ana iya tambayarka mene ne.

Borin kuwa ba ta nuna komai. Kamar mara lafiya ne ya je likita, a ce ina ke maka ciwo, ya ce jiki. Shi ya sa take da daɗin faɗi. Ba ta neman hujja, ba ta barin ƙofar amsa. Wanda ya ce labarinka lami ne dole ya ɗanɗana tukuna. Wanda ya ce borin ne ko sauraro ba sai ya yi ba, kuma yana gama faɗi sai ya zama shi ne wayayye, wanda ya ga duniya, kai ne ɗan ƙauye.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a fada: kai kuma da tsohon kai, ai harshe aro yake yi, ka hana borin ka bar salula? Gaskiya ne, kuma ba a Damagaram za a koya wa mutum wannan ba. Garin nan da aro ya ginu. Ciroma, Galadima, Yarima, duk daga Barno suka zo mana, tun zamanin da sarakunanmu ke kai gaisuwa Kukawa. Masana harshe sun ce ko kasuwa ma kalmar Barebari ce. Ayari da takobi Buzaye suka bar mana a Zango. Larabci kuwa ba a magana, ba ka iya yin sallama ba tare da shi ba. A cikin wannan takarda kaɗai na rubuta kaye, bik, bido, lakwal, mushe, ban ji kunya ba, kuma fotokofi za a yi mata kafin ta iso hannunka. Amma dubi kowane ɗayansu: baƙo ne da ya zo da kayansa. Ba mu da salula, ta zo da sunanta, bismilla ga tabarma. Borin me ta kawo da ba mu da shi? Hannu rabbana ta shigo, ta tarar da masu gida bakwai kowa da aikinsa, ta kore su ta mimmiƙe ƙafa a tsakar gida. Yaron da ya saba da ita, ba shi shekara biyar, ka tambaye shi bambancin ginsa da gundura ka ga ido.

Wannan duk na cikin ɗaki ne, tsakaninmu marubuta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne in na ji an ce garin borin ne.

Fita da dare ka zaga unguwanni. Kowace kusurwa akwai fada: benci, tabarma, ɗan murhun waya da gawayi, buta a kai, samari takwas ko goma suna jiran shayi na farko, na biyu, na uku. A cikinsu akwai mai bak, akwai mai lisans, akwai wanda ya gama sarbis sibik shekara uku ke nan yana ajiye takardu a ofis-ofis, akwai ɗan kwantaragi da ke lissafin yaushe albashi zai faɗo. Akwai wanda bai taɓa shiga aji ba, kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani. Ba wanda zai ce waɗannan mutane ba su san tsawon yini ba. Sun san shi fiye da Lady Dedlock. Amma abin da ke damunsu ba ƙoshi ba ne. Hausa ta riga ta raɗa masa suna, kuma ban san wani harshe da ya fi ta iya faɗinsa ba: zaman kashe wando. Saurari kalmar da kyau. Akwai zama a ciki, akwai asara, har da kuɗin wandon da ke lalacewa ba a samu na sake wani ba. Tana sa mai ji ya yi tambaya: me ya zaunar da shi? Wa ya zaunar da shi? Wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kan fadojin samarin Nijar, ya fito a 2019, kuma kalmar nan ta Ingilishi tana cikin sunan littafin, don da Ingilishi ta rubuta wa masu karanta Ingilishi. Amma ita da ta zo ta zauna da samarin ta saurare su, sai da ta ɗauki zaman kashe wando daga bakinsu ta kai cikin littafin, don ta ga tasu kalmar ta fi ɗaukar kayan. Baƙuwa ta tsinci abin da muka yar, mu kuma muna rububin abin da ta zo da shi.

In ka kira wannan zama borin, ka mai da shi zancen ɗanɗano, kamar garin wani fim ne da bai yi maka daɗi ba, sai a canza tasha. Ka wanke duk wanda ya kamata a tambaya. A bayan garin nan, kan hanyar Tanut, akwai matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, mai iya tace ganga dubu 20 a rana, amma sana'ar da ɗimbin samarinmu suka samu a harkar mai ita ce jera kwalaben fetur a bakin titi. Garin nan shi ne babban birnin mulkin Nijar daga 1911 har 1926, da Faransawa suka kwashe suka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Shekara ɗari ke nan, an jawo ruwa daga Gogo da Macaya, an jawo daga Arunguza, an jawo daga Ganaram, har yau in zafi ya yi ƴan ga-ruwa ne sarakunan unguwa. Waɗannan abubuwa suna da tarihi, suna da masu alhaki, ana iya rubuta su, ana iya kai su gaban mai mulki. Borin ba a kai ta gaban kowa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: mun bar wanda ya zaunar da mu muna zagin bencin.

Aïcha Macky, ƴar garin nan ce, ta ɗauki kyamara ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da can, ta zauna da samarin da ake kira ƴan pale, masu ɗaga ƙarfe da safarar mai, waɗanda mu ƴan makaranta muke sauya hanya in mun hango su. Fim ɗin ya fito a 2021, sunansa Zinder, an kalle shi a ƙasashen da yawancinmu ba za mu taɓa takawa ba. Da ta tsaya a bakin unguwar ta ce borin ne, da ba fim. Kuma ku tuna Oktoban 2013, da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da ƙananan yara, akasari daga yankin Kance, nan kusa da mu. Allah Ya jiƙansu. Waɗannan ba don garinsu ba shi da armashi suka hau mota ba. Duk ranar da na ji ɗan makaranta mai cin abinci sau uku yana hamma yana cewa zai bar ƙasar nan don borin ce, su nake tunawa, sai in ji kunya ta kama ni a madadinsa.

Kada a ce na ce babu abin da ke gundurarwa a duniya. Akwai, wallahi akwai, kuma na sha. Na zauna a wani aji, ba zan faɗi makarantar ba, inda mushe zai shigo da takardun da suka yi jawur don tsufa, ya zauna, ya yi ta shifta awa biyu, aya, waƙafi, a koma layi, ba tambaya ba amsa, mu kuma muna rubutu kamar injin. Ranar da ya kai mu tarihin Damagaram, na fita daga ajin ina jin ba abin da ya kai shi rashin armashi. Sunaye da shekaru, a haddace a mayar. Sai daga baya na samu littafin André Salifou na 1971 a kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19, na ga abin da aka yi mini asararsa. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da garu, ya sa maƙeran garin nan suna zuba igwa da hannunsu, ayarinsa na kai wa har Tarabulus, kuma kada mu ɓoye, cikin kayan da ayarin ke ɗauka akwai mutane, bayin da aka kamo daga garuruwan da yau ƴaƴansu ke zaune aji ɗaya da mu. A watan Mayu na 1898 wani kyaftin na Faransa, Cazemajou, ya sauka garin nan a kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe, Sarki Amadu Kuran Daga ya sa aka kashe shi shi da tafintansa. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yulin 1899, Faransawa suka zo aka gwabza a Tirmini, garin ya faɗi, bayan ƴan makonni aka kashe Sarkin. Ka zauna ka yi tunanin daren da aka yanke shawarar kashe baƙon nan. Wa ya ce a yi, wa ya ce a bari? Wa ya yi shiru don tsoro? Akwai littafi goma a cikin wannan dare ɗaya, ba wanda ya rubuta ko ɗaya da Hausa a cikinmu.

To ka ga, da na tsaya a kan borin, da na zubar da tuwon tare da kwanon. Abin da ya kamata in ce shi ne: shiftar mushe ta gundure ni. Wannan magana ce mai kai da ƙafa. Ta ware mai laifi, ta bar tarihin da mutuncinsa, kuma tana da magani, don ana iya zuwa a ce mushe, don Allah a bar mu mu yi tambaya. Kalmar aro ta sa na yi shekara biyu ina gaba da kakannina a kan laifin wani.

Bari in koma kan labarin ƙanwarmu, don ban manta ba. Yana da aibi? Yana da shi. Shafi biyun farko sun yi nauyi, ta tsaya tana kwatanta sanyin asuba har sau uku, ɗaya ya isa. Akwai wata maƙwabciya da ta shigo ta fita ba a san me ta zo yi ba. Da an faɗa mata haka, da ta koma gida ta soke ta gyara, ta dawo da abin da ya fi. Aikin da ya tara mu ke nan. Amma a shafi na huɗu akwai inda tsohuwar ta ajiye dutse a layi a madadin bidonta don ta je ta yi salla, ta dawo ta tarar an ture dutsen, ba ta ce wa kowa komai ba, ta koma baya ta sake kama layi. Ban san wanda ya taɓa rubuta wannan ba. Kowa a garin nan ya san dutsen nan, ba wanda ya ga ya isa a sa shi a takarda sai ita. Labari ne a kan jira, dole ya sa ka jira. Wanda ke son a ba shi labarin layin pampo cikin daƙiƙa talatin da kiɗa a ƙasa, ba labarin yake so ba, so yake a ɗauke masa shi daga gaba.

Kuma a nan ne zan faɗi abin da ya sa na yi murmushi ranar, tun da ba ni da shaida a kan zuciyar kowa sai tawa. Ba don labarin ya gundure ni ba ne. Don na san tsohuwar ne. A gidanmu, a watannin zafi, inna da ƙannena mata su ke tashi ƙarfe uku na dare in an ce ruwa ya zo, ni kuwa ɗan makaranta ne, ba a tashina, kada karatu ya lalace. Da safe in tarar da buta cike in yi alwala, ban taɓa tambayar ƙarfe nawa aka kwanta ba. Yarinyar nan ta tsaya a gabana ta karanta mini wannan a bainar jama'a ba tare da ta sani ba. Da kamarad ya jefo kalmarsa aka yi dariya, sai na ji an sauke mini kaya. Hausawa na da suna ga mutumin da aka kama da abin kunya ya tashi yana fushi da hayaniya don ya rufe: borin kunya. Ban san ko Bature ya san kalmarsa za ta faɗo daidai kan tamu haka ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, mu kuma mun samu wadda ake naɗewa da Turanci, ba ko gumi.

Ba na neman a hana kowa faɗin abin da ya ga dama a fada ko a salularsa, ba ni da wannan iko, kuma ba na so. Amma majalisar nan tamu ce, mu muka kafa ta, muna iya sa mata doka. Ga abin da zan kawo ranar Asabar, a jefa ƙuri'a: duk wanda aka karanta wa rubutu ya ce borin ne, sukarin shayin ranar a wuyansa yake. Bayan haka a miƙa masa kayen ya nuna shafi da layin da ransa ya fita, ya kuma faɗa da Hausa wane iri ne: maimaici ne ya gundure shi, ko zaƙi ne ya yi yawa ya ginshe shi, ko lami ne, in lami ne me ya rage. In ya iya, ya yi wa marubucin alheri, mu ma mun ƙaru, sai mu biya masa rabin sukarin. In ya kasa, ya yi shiru ya sha shayinsa. Ni zan fara sayen na makon nan, don murmushin da na yi.

Ke kuma ƙanwata, in wannan takarda ta iso hannunki, ko wata ƙawarki ta kai miki: muna nan inda kika bar mu, bayan la'asar. Ki zo da kayen. Ki rage sanyin asubar nan ya koma ɗaya, ki yanke shawara a kan maƙwabciyar, dutsen kuwa kada ki taɓa shi. Kuma kin tsaya a inda pampo ya fara tari iska na fita, ba ki gaya mana ko ruwan ya zo ba.